Wa Ke Biyan Kuɗin Filin da Yara Ke Wasa?

Duk wanda ya saba duba kasafin kuɗin gwamnatoci zai lura cewa idan aka zo kan sashen wasanni, abubuwan da ke cinye kaso mafi tsoka kusan iri ɗaya ne a ko'ina: gina katafaren filin wasa ko yi masa kwaskwarima, ɗaukar nauyin tawagar ƙasa zuwa gasar duniya, alawus na jami'an da ke rakiya, da tukwicin waɗanda suka ciyo lambar yabo. Wasannin tushe kuwa, wato waɗanda yara da matasa da ma manya ke yi a makarantu da unguwanni da ƙananan ƙungiyoyi ba don neman abinci ba, su ne ke zuwa a ƙarshen lissafi, kuma su ake fara zaftarewa da zarar aljihun gwamnati ya yi ƙasa. A ganina wannan tsari a kife yake, kuma ƙarin kuɗi kaɗai ba zai miƙar da shi ba, sai an duba inda kuɗin ke fitowa, da hannun da ke raba shi, da sharuɗɗan da aka gindaya wa mai karɓa.

Hujjar da masu fifita manyan 'yan wasa ke kafawa ita ce, idan zakaru suka yi nasara, yara za su gani su yi sha'awa, su fito su ma su motsa jiki. Magana ce mai daɗin ji, kuma Birtaniya ta gwada ta da gaske. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 lambar zinare 1 kacal ƙasar ta samu, ta ƙare a matsayi na 36. Daga 1997 aka fara zuba kuɗin cacar ƙasa, wadda gwamnatin John Major ta kafa a 1994, wajen horar da fitattun 'yan wasa, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu: a Landan a 2012 sun ci zinare 29 sun zo na 3, a Riyo kuma a 2016 suka zo na 2. Sai dai alkawarin da aka ɗauka cewa gasar Landan za ta zaburar da jama'a bai cika yadda aka zata ba, domin ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya bayyana a rahotonsa na 2022 cewa kason manyan da ke wasa aƙalla sau ɗaya a mako raguwa ya yi a shekaru 3 da suka biyo bayan gasar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A daidai wannan lokaci ana ta rage wa ƙananan hukumomi kuɗi, alhali su ne ke riƙe da yawancin wuraren ninƙaya da filaye da zaurukan motsa jiki, kuma doka ba ta wajabta musu kula da wasanni kamar yadda ta wajabta musu kula da marayu da tsofaffi ba. Yaron da ya kalli zakara a talabijin ya tashi da ɗoki, idan ya fita ya tarar an rufe wurin wasan da ke kusa da shi ko an tsauwala kuɗin shiga, ɗokin nan ba ya kwana biyu.

Norwe ta bi wata hanyar, kuma ita ce ta fi kwanta mini. A can kashi 64 cikin 100 na ribar da ake rabawa daga kamfanin caca na Norsk Tipping, mallakar gwamnati, wasanni ake bai wa, kuma babban ɓangare na wannan kaso yana tafiya ne wajen gina wuraren wasa a garuruwa tare da gudummawar ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin 'yan sa-kai. Tun 1987 ƙasar take da ƙa'idoji na musamman kan wasannin yara, waɗanda a yau suka hana fitar da jerin wanda ya fi wani kafin shekara 11, suka kuma hana shiga gasar zakarun ƙasa kafin shekara 13, domin kada a kori yaron da bai yi saurin girma ba tun bai san abin da zai iya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya matsa masa da ƙarfi karya shi zai yi. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba ita ce ta tara lambobi 39 a Olamfik ta lokacin hunturu a 2018, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. Na san Norwe tana da arziƙi, kuma ba kowace ƙasa ce za ta iya kashe abin da take kashewa ba, amma hana jera yara 'yan shekara 9 daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba ya cin ko sisi.

A nan ya kamata in faɗi cewa ban yarda caca ta zama ginshiƙin wasannin yara ba, domin nauyinta ya fi faɗa wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma tana jefa iyalai cikin halin da ba a so. Abin koyi a tsarin shi ne an keɓe wani kaso sananne wanda ba ya jiran ra'ayin minista kowace shekara. Faransa ta nuna cewa ana iya samo irin wannan kaso ta wata kafar: tun 2000 take karɓar harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin da ake sayar da izinin nuna wasanni a talabijin, domin tallafa wa wasannin da ba na ƙwararru ba. Da haka ƙwallon da ke kawo biliyoyi ke mayar da wani abu ga filin da ya raini 'yan wasanta.

Idan kuɗin ya samu, me ya kamata a saya da shi? Abu uku ne a wurina: fili a kusa da gida, mai horarwa da ya san aikinsa, da kuɗin gyara na kowace shekara. Aislan, wadda sanyi da duhu ke hana wasa a waje tsawon watanni, ta buɗe rufaffen filin ƙwallonta na farko mai cikakken girma a 2000, ta ci gaba da gina wasu, aka kuma shimfiɗa ƙananan filaye fiye da 100 a jikin makarantu, sannan aka dage wajen ba masu horarwa ilimi da takardar shaida, har ya zama ƙaramin yaro ma yana koyo a hannun wanda ya ƙware. Zuwansu zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Turai ta 2016, bayan sun doke Ingila da ci 2 da 1, daga nan ya samo asali. A ɗaya gefen kuma akwai filin Mané Garrincha na birnin Brasilia, wanda aka kashe maƙudan kuɗi aka sake ginawa domin gasar cin kofin duniya ta 2014 a garin da ba shi da babbar ƙungiyar da za ta cika shi, har aka wayi gari ana ajiye motocin bas a harabarsa. Kuɗin gyara shi ne abin da kowa ke mantawa, saboda babu wanda ake gayyata ya yanke ƙyalle don an sauya fitila ko an toshe yoyon rufi, amma rashinsa ne ke mayar da sabon gini kango.

Rabon kuɗin shi ne inda siyasa ke kutsowa, kuma wannan cuta ba ta bar ƙasashen da ake ganin sun ci gaba ba. A Ostireliya an ware dalar ƙasar miliyan 100 domin gyara wuraren wasa na al'umma, hukumar wasanni ta tantance masu nema ta ba kowa maki, amma babban mai binciken kuɗi ya gano a Janairun 2020 cewa ofishin minista ya yi nasa zaɓin daban, inda ya karkata ga mazaɓun da gwamnati ke son ci a zaɓen 2019. Da dama daga cikin ƙungiyoyin da suka samu maki mai yawa sun tashi a tutar babu. Ministar, Bridget McKenzie, ta yi murabus a watan Fabrairu bayan an tabbatar ba ta bayyana cewa ita mamba ce a wata ƙungiyar harbi da ta amfana ba. Abin da ya tona asirin shi ne akwai maki a rubuce, akwai kuma mai bincike da ba ya ƙarƙashin minista. Inda babu waɗannan biyun, irin wannan rabo yakan wuce ba tare da kowa ya ji labari ba.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya da ke tsakanin gwamnati da hukumomin wasanni. FIFA da kwamitin Olamfik na duniya sun haramta wa gwamnati tsoma baki a shugabancin hukumomin da ke ƙarƙashinsu, shi ya sa FIFA ta dakatar da Kenya da Zimbabuwe a Fabrairun 2022 bayan mahukuntansu sun tuɓe shugabannin ƙwallo bisa zargin almundahana da rashin iya riƙo. Idan aka dakatar da ƙasa, tallafin raya wasa daga FIFA yana tsayawa, kuma matasa ne ke ɗanɗana kuɗarsu kafin kowa. Amma wannan 'yanci ba zai zama mafakar waɗanda suka mayar da hukuma gadon gidansu ba. Hanyar da ta fi tsafta ita ce wadda Birtaniya ta ɗauka a 2016, lokacin da ta fitar da kundin shugabanci ga duk ƙungiyar da ke son kuɗin jama'a: manyan masu karɓa su iyakance wa'adin shugabanni, su sa aƙalla kashi 25 cikin 100 na kwamitin gudanarwa su zama mutane masu zaman kansu, su kuma wallafa bayanan kuɗinsu. Gwamnati ba ta tuɓe kowa ba, ta dai ce wanda bai cika sharaɗi ba kada ya miƙo hannu. Hukumar ƙwallon Ingila da kanta ta sauya tsarinta a 2017, ta rage kujerun kwamitinta zuwa 10, ta ware 3 ga mata.

Sai dai a kula kada a ɗora wa ƙaramar ƙungiya nauyin babba. Wanda ke tara yara 30 da yamma bayan ya tashi daga aiki ba shi da akanta ko lauya, kuma idan takardar neman tallafi ta kai shafi 40, waɗanda suka iya cike takarda ne za su kwashe kuɗin, ba waɗanda ke tsaye a fili ba. Abin da ya dace a nema a wurinsa kaɗan ne: rajista, asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, rasit na abin da aka saya, da tantance duk babban da zai riƙa keɓewa da yara. Wannan na ƙarshen ba abin sassauci ba ne ko kaɗan.

Daga nan sai ma'aunin da gwamnati za ta riƙa auna kanta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum, amma alƙalumanta sun nuna kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun haka, kuma a cikin 'yan mata abin ya kai kashi 85. Ina so in ga ranar da ministan wasanni zai tsaya gaban majalisa a tambaye shi yara nawa ne suka yi wasa a kai a kai a bana, nawa ne mata a cikinsu, nawa ne masu buƙata ta musamman, filaye nawa aka gyara, kuma nawa aka sayar aka gina kantuna a kansu, sannan a ɗaure kasafinsa na baɗi da amsar da ya bayar.