Katin hoto da yaron da bai fara magana ba

Ɗan ƙanwata yana da shekara biyu da wata huɗu bai ce ko "Mama" ba. In yana son ruwa sai ya ja hannun babba zuwa randa ya ɗora a kan murfi, ko kallon fuskar mai hannun ba ya yi. A kira sunansa sau biyar ba zai waiga ba, amma a buɗe ledar biskit a ɗaki na gaba, sai ga shi. Gwajin ji muka fara yi, domin kurumta takan zo da irin wannan kama. Kunne lafiya lau. Likitan yara ya yi wa uwar tambayoyi 20 na takardar M-CHAT-R, wadda ake amfani da ita tsakanin wata 16 da wata 30, ya ce akwai alamun galahanga (autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro), amma takardar tantancewa ce kawai, sai ƙwararru sun duba shi. Ba mu zauna jiran ranar ba, muka kama aikin katin hoto.

Hanyar ana kiranta PECS, wato yaro ya miƙa katin hoton abin da yake so a ba shi abin; Andy Bondy da Lori Frost suka tsara ta a Amurka a 1985. Matakanta shida, uku na farko muka yi a gida.

Na ɗauki hoton ainihin biskit ɗin da yake ci da wayata, ba zane ba, aka wanke mini, na yanka shi santimita 5 kowane gefe, na manna a kwalin taliya na lulluɓe da salatef saboda yawu. Kati ɗaya tak ake farawa da shi. Biskit guda a gutsura shi takwas, domin ya ƙare da wuri ya sake nema.

A mataki na farko mutum biyu ake buƙata. Uwar tana gabansa riƙe da biskit, bakinta a rufe. Ni ina bayansa. Sai ya miƙa hannu da kansa tukuna nake kama hannun, in sa ya ɗauki katin, ya miƙa, ya sake shi a tafin uwar. Nan take ta ce "biskit" ta ba shi, ba jinkirin ko daƙiƙa ɗaya. Daga ƙarshen aikin ake fara janye taimako: na fara barinsa ya saki katin da kansa, sannan miƙawar, ɗaukar ce ta ƙarshe. Mukan nemi sau 30 zuwa 40 a wuni, a warwatse, ba zama guda ba.

Kuskurenmu na farko tambaya ce. Uwar ta saba cewa "Me kake so?", sai yaron ya koyi jiran tambayar, in ba a yi ba ba ya taɓa katin. Kwana huɗu muka yi muna warware wannan. Na biyu, yin aikin bayan ya ci tuwo ya ƙoshi. Na uku ya fi wuya, domin daga kakarsa ne. Da ya fara ƙananan kuka sai ta ce, "Ku dai ba ku da tausayi, ku ba shi mana." Na ce, "Hajiya, ki karɓi katin ke ma, ki ba shi da hannunki." Shigar da ita ta yi amfani biyu, don dama yaron ya ɗauka uwarsa kaɗai ake kai wa kati. Ruwa da abincin yau da kullum kam ba ma hana shi su saboda kati, ko kaɗan.

Mataki na biyu nisa ne. Uwar ta matsa taku ɗaya, gobe biyu, har ta koma bakin ƙofa ta juya baya, shi kuma ya biyo ta ya taɓa ta. Na uku zaɓi: katin biskit da katin safa. In ya ba da na safa, safa za a ba shi, fuska a sake. Ya ture ta, a nuna masa na biskit a sake gwadawa. A riƙa sauya wa katunan wuri, in ba haka ba gefen dama zai haddace, ba hoton ba.

Birgima da ihu kuwa littafi muka ajiye musu: lokaci, abin da ya faru gabanin su, abin da muka yi. Cikin mako biyu sai ga injin markaɗen maƙwabta da janareta sun cika shafi. Yanzu kafin a tayar da janareta ana shigar da shi ɗakin ƙurya. Littafin nan muka kai wa likita, kuma a ciki ake rubuta duk lokacin da yaro ya ƙafe ido ya daina motsi, domin farfaɗiya ta fi yawa a yara masu galahanga.

Uwar ta ji tsoron kati zai hana shi magana. Ba ma tilasta masa furta kalmar, sai dai a ɗaga katin, a faɗi sunan abin, a ɗan dakata. Katunansa tara yanzu, a jikin kwali a rataye daidai tsayinsa kusa da randa, kuma na lilo ne ya fi saurin yagewa.