Hannu ɗaya da ɗaukar jinka: riƙon 'yan makaranta a Legas ba uba a gida

Ƙarfe biyar saura na asuba, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu a Agege, bokitai sun riga sun ja layi a ƙofar banɗaki. Wadda ta makara da minti ashirin, ita da yaranta sai bayan shida za su samu shiga. Daga nan ranar ta goce: koko bai huce ba, takalmi ƙafa ɗaya ya shige ƙarƙashin gado, an rufe ƙofar makaranta, mai motar haya ta danfo ya ƙara kuɗi don cunkoso ya fara. Da akwai miji a ɗakin, ko kaka, ko ƙanwa, da wani ya kama wani gefen. Amma wadda aurenta ya mutu, ko ta fita takaba, ko mijin ya tafi nema ya yi shiru shekara biyu, ita ce mai wanka, ita ce mai girki, ita ce 'yar rakiya, kuma ita za ta fita nemo na cefane.

A Kano ko Katsina, mace ta fito daga gidan miji gidansu take komawa, ta tarar da tsakar gida cike da masu taya ta duba yara ba sai ta roƙa ba. A Legas wannan gatan ba a tarar da shi, sai dai a haɗa shi da hannu, mutum ɗaya bayan ɗaya, takarda ɗaya bayan ɗaya. 'Yar'uwa, ki fara da abin da ya fi hana barci, wato kuɗi.

Kuɗin Legas yana da watannin da yake cizo. Satumba ce babba: sabon zango, sabon aji, littattafai, yunifom, takalmi, jaka. Sai Janairu, sai wajen ƙarshen Afrilu. A gefe ga kuɗin haya da ake biya shekara guda cur, ga sallah biyu da ke matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, har wata shekarar su faɗo daidai kan kuɗin makaranta. Ki samu littafi ɗaya, ki rubuta watanni goma sha biyu a jere, ki sa kowace lalura a gaban watanta. A ce kuɗin yaro naira 60,000 ne a zango. A shekara 180,000 ke nan, wato naira 500 a kullum. Ɗari biyar a rana abu ne da mai sayar da awara ko zoɓo za ta iya cirewa kafin ta taɓa ciniki. Dubu sittin a mako guda kuwa sai an ci bashi ko an sayar da ɗan kunne.

In kina adashi, tun ranar da ake tsara kwasa ki nemi taki ta faɗo a Agusta, ko wata ɗaya kafin haya ta ƙare. Mata da yawa suna son kwasar farko don ɗoki, kuɗin ya narke a biki da anko, Satumba ta zo ta same su suna zubi hannu wayam. Kuma kowane adashi ya zama da rubutu: sunaye, ranar zubi, ranar kwasa, kowa ta ɗauki hoton takardar a wayarta. Inda adashi ke rushewa a Legas shi ne wadda ta kwasa da wuri ta tashi daga unguwa, ba wanda ya san garinsu. Kada ki shiga da wadda ba ta da shago ko ɗan'uwa tsayayye da zai tsaya mata. Uwar kuɗin sana'a kuma ta kwana daban da ribar. Randa kika fara biyan kuɗin tara daga uwar kuɗi, sana'ar ta fara ramewa ke nan.

Kan haya, ki san wannan: dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara-shekara notis na wata shida kafin a tashe shi, in dai yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, kuma mai gida ba shi da ikon fitar miki da kaya waje ba tare da kotu ba. Ki riƙa karɓar rasit duk lokacin da kika biya. Mace ita kaɗai ce ake fara yi wa barazana, don ana zaton ba ta sani ba.

Sai zaɓen makaranta. Akwai wata kunya da ke sa uwa ta kai yaro makarantar kuɗi da ta fi ƙarfinta, don kada a ce tun da uban ya tafi yaran sun koma ta gwamnati. Wannan kunyar tsada gare ta. Yaron da ake korowa gida mako biyu a kowane zango saboda bashi, ya fi na makarantar gwamnati asarar karatu, ga wulaƙanci a gaban 'yan ajinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole, kuma gwamnatin Legas ta daɗe tana biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin jarrabawar WAEC. Ajin yana cika maƙil, gaskiya ne. Maganinsa ki ɗauki kaɗan daga abin da kika rage ki sa yaro lesin ɗin lissafi da Turanci kwana uku a mako. Mai gudun makarantar gwamnati saboda hijabi ta kwantar da hankalinta: a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. In kuwa ta kuɗin ce kika zaɓa, ki tambayi hedimasta takardar amincewar gwamnati ki gani da idonki. Ƙananan makarantu marasa rajista sun cika lunguna, matsalarsu ba ta fitowa sai ranar jarrabawa ko ranar canja makaranta.

Kusa ta fi kyau. Makarantar da yaro zai taka da ƙafa cikin minti goma sha biyar ba tare da tsallaka babban titi ba ta rage miki kuɗin mota sau biyu a rana, ta rage miki tashin hankali. 'Yan Idi-Araba sun san tun Satumbar 2022 haramcin okada ya shafi ƙaramar hukumarsu ta Mushin, saboda haka kada a gina zuwa makaranta a kan mai babur.

Yarbanci darasi ne na dole a makarantun Legas tun dokar 2018, kuma yaranmu da yawa a nan suke zubar da maki don babu mai taya su jinga a gida. Ki nemi maƙwabciya Bayarabiya, ko babbar 'yarta, ta duba masa littafin sau biyu a mako, ke kuma kwanon tuwo da miyar kuka ya riƙa ƙetarawa. A cikin ɗaki kuma Hausa zalla. In ya amsa miki da buroka, ki maimaita masa da Hausa ba tare da faɗa ba.

Inda nake son a daɗe ana tunani shi ne tsakanin tashi daga makaranta da dawowarki. Wajen biyu na rana an sallami yara, ke kuwa kina kasuwa ko wurin aiki, cunkoson yamma ba zai sake ki ba sai bayan magariba. Awa huɗu ko biyar ke nan. Da yawa daga abin da ke lalata yaro, ko a cutar da shi, a wannan tsakanin yake faruwa. Islamiyya tana cinye awa biyu, amma sai kin san malamin, kin ba shi lambarki, kun yi da shi cewa duk ranar da yaro bai zo ba ya kira ki a ranar, ba ƙarshen wata ba. Sauran lokacin yana buƙatar babban mutum guda ɗaya takamaimai. "Maƙwabta za su duba min su" ba tsari ba ne, don abin da aka bar wa kowa ba na kowa ba ne. Ki zauna da mace ɗaya, ku yi magana a fili: yara za su sauka a ɗakinta, abincinsu na cikin kula, ke kuma ga abin da za ki riƙa yi mata, kuɗi ne ko riƙe nata yaran ranar Asabar. Mata uku ko huɗu masu irin halinki za su iya yin karɓa-karɓa, kamar adashi, kowa da ranarta.

Kada ki kulle yara ta waje da kwaɗo. Gidajen haya da tukunyar gas a kowane lungu da wayoyin lantarki a cukurkuɗe, gobara minti kaɗan take buƙata. Ki rufe kan tukunyar gas kafin ki fita, ashana da kananzir su hau inda hannu ba ya kaiwa. Duk yaron da ya kai shekara shida ya haddace lambar wayarki kamar Fatiha, ya san 112 da 767 lambobin neman agaji ne a Legas. A makaranta ki rubuta sunayen waɗanda kika yarda su ɗauki yaranki, musamman in akwai taƙaddama tsakaninki da dangin uba.

Ki kuma gaya musu, mace da namiji, da kalmomin da za su gane, cewa babu wanda ke da izinin taɓa musu gaba ko baya, ko ya ce su shigo ɗaki su rufe ƙofa, ko da wanda suke kira kawu ne. Yaro ba ya faɗa in ya san duka zai sha. In abin ya faru, Allah ya kiyaye, a tafi asibiti a ranar, don maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja kyauta take duba irin waɗannan. Rufa-rufa don gudun abin kunya mai laifin kaɗai take amfana. Talla kuwa, ban da dokar jihar da ta hana ta a kan tituna, ribar farantin ba ta kai abin da ake jefa yarinya ciki ba. Babbar 'yarki ta taya ki aiki, wannan tarbiyya ce, amma kada ta zama uwa ta biyu tana shekara goma sha ɗaya har jingarta ta gagare ta.

Girki gajeriyar magana ce: abin da ba ya buƙatar firji shi ne abokinki, tun da wuta ba ta da alƙawari. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, garin kunun gyaɗa. Ku haɗu ku huɗu ku sayi kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 tsakanin Janairu da Maris, lokacin da na rani ke saukowa daga Arewa da araha, kafin damina ta ɗaga farashin. Wake da shinkafa a saya da bokitin fenti, ya fi saye da ƙaramin gwangwanin awo, wato derika, sauƙi. Yunifom kuma biyu, don a Yuni da Yuli wanki kan kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Yanzu maganar uba. Ciyar da 'ya'ya, tufatar da su da maganinsu a wuyan uba suke ko an rabu; aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, riƙon kuma bai sauke wa uban nauyin aljihu ba. Neman wannan haƙƙin ba roƙo ba ne, kuma "na bar shi da Allah" ba ta biyan kuɗin zango. Ki fara da manya: waliyyinki, limamin unguwa, ko fadar Sarkin Hausawa. Abin da aka amince a rubuta shi, nawa ne, wace rana, shaidu biyu su sa hannu. Ya fi kyau ya tura kuɗin makaranta kai tsaye asusun makarantar, sauran ta banki, don hannu-da-hannu ba ya barin shaida. In ya ƙi, Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Arewa, amma akwai kotun iyali ƙarƙashin dokar haƙƙin yara ta jihar ta 2007, kuma ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka, OPD, kyauta yake tsaya wa marasa hali. Wadda mijinta ya rasu ta tabbatar an raba gado an rubuta, tumuninta daban, rabon marayu daban, an san hannun wa yake.

Duk abin da uban ya yi miki, kada yaro ya zama ɗan aike tsakaninku. In ya tambaya ina Baba, amsa gajeriya ta gaskiya ta ishe shi: "Ni da Babanku ba ma tare yanzu, ba laifinku ba ne, kuma har gobe babanku ne."

Takardu su zauna a leda ɗaya mai zif, a sama, inda ambaliya ba ta kaiwa: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi, sakamakon kowane zango, katin rajistar mazauna Legas, wato LASRRA, da lambar NIN ta kowane yaro, tun da ba a rajistar JAMB sai da ita. Ki duba sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a nan, Mohammed a can, ƙaramin abu ne yau, amma yana iya cin watanni ana gyara a shekarar jarrabawa. Ki ɗauki hoton kowace takarda ki tura wa wani ɗan'uwa amintacce.

Zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya kafin a sha magani, kuma a shanye na kwana ukun ko jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Gudawa kuma ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, da ƙwayar zinc kwana goma zuwa sha huɗu. Ki je cibiyar lafiya ta unguwa ki tambayi inshorar jiha, Ilera Eko, tun kowa na lafiya. Ke ma duk lokacin da kika kai yaro, ki miƙa hannunki a auna miki hawan jini. Ciwon kai na kullum da kike dannewa da farasitamol ba lallai gajiya ce kaɗai ba, kuma awon bai fi minti biyu ba.