Wake a Gwangwanin Madara

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da Ringim, aji ɗaya aka ba ni, yara 'yan shekara shida da bakwai. Na ce kowa ya zo da gwangwanin madara, za mu shuka wake. A zatona sabon abu na kawo musu.

Ina cikin raba irin da na sayo ranar kasuwa, wani yaro ya juya ƙwayarsa a tafin hannu ya ce, "Malama, wannan ƙwaro ya huda shi, ba zai fito da kyau ba." Na duba, ga 'yar huda kuwa. Ashe ɗan manomi na zo koya wa shuka! Washegari suka kawo iri daga gida, wanda iyayensu suka adana cikin toka.

Kuskure na biyu ma nawa ne, ban huda gindin gwangwanayen ba. Yara kuwa ga son ban ruwa, kowa da butarsa safe da tashi. Kafin mako ya zagayo rabin waken ya ruɓe, aji ya ɗau wari. Iri na bukatar iska kamar yadda yake bukatar ruwa. Na san haka a littafi, amma sai da hancina ya shaida.

Inda na ci riba shi ne kwalba. Na cusa jiƙaƙƙiyar auduga, na maƙala wake a jikin gilashin. Waɗannan yaran sun tashi suna bin iyayensu gona, ana sara suna jefa iri suna rufewa da diddige, amma ba su taɓa ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ba. Kwana uku sai ga farar saiwa ta ɓullo ta nufi ƙasa, tun ganye bai leƙo ba. Wata yarinya ta kwantar da kwalbar don ta ruɗa ta. Bayan kwana biyu saiwar ta lanƙwasa, ta sake yin ƙasa. Ranar ko tara ba su fita ba, sai gardama suke kan wa ya gaya mata hanya. Ni dai na ja bakina na bar su.

Waɗanda suka tsira muka jera a bakin taga ranar Juma'a. Litinin muka tarar akuya ta yi kalaci da su. Ina neman abin da zan lallashe su da shi, mai gano hudar nan ya ce, "Malama, ai ba a shuka ba darni." Talata kowa ya zo da karan dawa a kafaɗa.