Dunƙulen shinkafar da aka mayar fanke

Daren jiya bayan isha'i kuran ya ɗauke a unguwarmu ta Zariya da ke Maraɗi, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da ɗan yayata mai shekara tara muna kallon Pokémon, wani shirin zane na yara daga Japan, a waya. Na Turanci na saukar masa don kunnensa ya saba, tunda a lakwal Faransanci suke yi. Can sai Brock, ɗaya daga cikin taurarin shirin, ya ɗago wani abu fari mai kusurwa uku, da ɗan baƙin ganye a gindinsa, ya ce donot ne, wato fanken Amurka mai zaƙi. Yaron ya juyo ya ce: "Kawu, ai wannan tuwon shinkafa ne."

Gaskiyarsa. Onigiri ake ce masa a Japan, shinkafa ce da ake dunƙulawa da hannu, a naɗe ta da ganyen teku, guzurin ɗan makaranta da matafiyi. Shirin ya fara a Japan a 1997. Da kamfanin 4Kids ya juya shi Turanci a 1998, Satoshi ya koma Ash, Takeshi ya koma Brock, shinkafa kuma ta zama donot, wai don kada yaran Amurka su rikice. A 2004 suka taɓa wani shirin zanen Japan, One Piece, suka zare sigarin bakin Sanji, ɗaya daga cikin taurarinsa, suka sa masa alewa mai tsinke.

Ta sigarin ban ja ba, shirin yara ne. Kuma na san aikin ba wasa ba ne: dole maganar Turanci ta ƙare daidai lokacin da bakin zanen ya rufe, shi ya sa ake datse jimla ko a ƙara mata.

Abincin ne ya tsaya mini a rai, shi da girmamawa. Bajapane ba ya kiran na gaba da shi gatsau, sai ya liƙa "san" a bayan suna, ko ya ce "senpai", kamar yadda muke cewa Yaya ko Malam. A Turancin yawanci duk wannan zubewa yake, ƙane ya kira wansa da suna tsirara. Da Hausa aka juya, da wurin zamansu na nan a shirye.

Na tsayar da wayar na faɗa masa sunan abin, ya maimaita sau uku. Da safe na tarar da shi a madafa yana roƙon uwarsa ta rage masa shinkafa, zai gwada mai kusurwa uku.