Waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a Facebook ko TikTok sai ka ci karo da bidiyon masu cewa ka yarda da kanka, kai ne mai riƙe da rayuwarka, farin cikinka yana hannunka. Maganar akwai daɗin ji kam, amma ni dai tsoro take ba ni, don in a hannuna yake to ranar da hannun ya gaji fa? Ranar da likita ya duba sakamakon gwaji ya yi shiru, ko aka kira ka ofis aka miƙa maka takardar sallama, ina "zan iya" ɗin yake shiga?

Bitrus ai ya yarda da kansa sosai. Ya ce wa Yesu ko kowa ya gudu shi kam yana nan, har mutuwa a shirye yake, kuma ba cika baki ba ne, har zuciyarsa haka yake ji. Amma a daren da aka kama Yesu, Bitrus yana jin ɗumin wuta a gidan babban firist wata baranya ta zuba masa ido ta ce ai wannan ma tare suke, nan take ya ce bai san mutumin ba, har sau 3 kafin zakara ya yi cara, ya fita waje ya yi ta kuka mai zafi.

To ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 16. Bulus da Sila an tuɓe su an lakaɗa musu duka da sanduna an jefa su can ƙuryar kurkuku an sa ƙafafunsu a turu, ba dabara ba wanda zai tsaya musu, amma da tsakar dare addu'a suke yi suna rera yabo ga Allah sauran fursunoni na saurare. Abin da ya fi taɓa ni shi ne waƙar ta riga girgizar ƙasar da ta buɗe ƙofofin kurkukun zuwa. Lokacin da suke rerawa ƙofofin a kulle suke, bayansu duk rauni, kuma ba wanda ya ce musu za a buɗe.

Kar wani ya ce ina koyar da lalaci fa, Bulus ɗin nan ɗinkin tanti yake yi don ya ci da kansa, shi ne ma ya gaya wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. A yi shiri, a yi aiki, amma zuciya ta san wa ta jingina da shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauko Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi, mu manna a waya ranar jarrabawa ko intabiyu kamar tabbacin nasara ne, muna tsallake aya ta 12 inda yake cewa ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. Mutumin yana ɗaure ya rubuta wasiƙar nan, kuma ƙarfin da yake magana a kai na Almasihu ne, wanda ya riƙe shi har a ranakun yunwar.