Asabar a dajin tsaunin Nyika, Malawi: tsuntsu mai farin tauraro

Hazo bai ɗaga ba sai wajen ƙarfe takwas, amma tun shida tsuntsun yake rera kuka daga cikin duhuwar ƙasa. Masana na kiransa Pogonocichla stellata. Tsawonsa santimita 15 zuwa 16, kai ruwan toka mai duhu, baya kore-kore, ciki rawaya shar. Jelar ma rawaya ce, sai baƙi a tsakiya da bakinta.

Tauraron da ake faɗa wani farin ɗigo ne a maƙogwaro, kuma nan mutane ke ruɗewa. Yawancin lokaci gashi ya rufe shi, ba ya fitowa sai yana kuka ko ya fusata. Wanda ya tsaya jiran ɗigon zai wuni bai gane tsuntsun ba. A duba farin ɗigon da ke gaban ido, da jelar in ya buɗe ta.

Da hantsi rundunar kwarkwasa ta ratso ƙarƙashin itatuwa, sai ga uku sun sauko. Ba kwarkwasar suka fi nema ba, ƙwari da gizo-gizon da take korowa daga busasshen ganye suke cafkewa. Kowanne ya sami reshe ƙasa-ƙasa, ya diro ya ɗauka ya koma. Ɗaya daga ciki bai da kan toka, duk jikinsa kore ne mai dishi-dishi. Matashi ne, ba wani jinsi ba, sukan jima cikin wannan kamar kafin su yi launin manya.

Sheƙa tana ƙasa, a gangare, jikin gindin bishiya. Mai rumfa ce da ƙofa a gefe, an haɗa ta da matattun ganyaye da gansakuka da siraran saiwoyi. Macen kaɗai ke ginawa, ta sa ƙwai biyu ko uku, ta yi kwanci kwana 16 zuwa 18. Kada a matsa kusa. Sawun mutum kan buɗe wa maƙiya hanya, ga kuma tsuntsun kuku mai jan ƙirji da ke lallaɓowa ya saka mata ƙwansa ta rena masa.

In sanyi ya shigo nan Malawi, mata da yawa kan gangara dazuzzukan ƙasa, maza su tsaya gadin wurarensu. Da la'asar hazo ya dawo, kukan ya ragu.