Insha'in muhawara a wayar Baba

Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, ina tsakiyar koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare insha'i a nan Kano. Na labari da na siffantawa mun gama su a aji. Saura na muhawara, wanda ko ido da ido sai an sha fama. Makaranta ta buɗe mana zaure a WhatsApp, ta ce mu ci gaba.

Ko rabin ajin bai shigo ba. Waɗanda suka shigo ma da wayar uba ce ko ta yaya, sai bayan isha'i ta zo hannunsu, in akwai caji, in akwai data.

Na fara da batun da muka gada tun muna yara: likita da malami, wa ya fi amfani? Kuskurena ke nan. Hotunan takardun da suka turo kamar tagwaye, gaisuwa ga alƙalan muhawara layi biyar, sannan "malami ne ya koyar da likita" sau uku. Wata takardar ma da gani rubutun babba ne.

Ana cikin azumi, gari a kulle, sai Litinin da Alhamis ake sassautawa a fita cefane. Sai na canza batu: a buɗe kasuwanni kullum ko a bar su a rufe? Na ce kada wanda ya rubuta komai tukuna, kowa ya turo murya ta minti ɗaya. Nan bakuna suka buɗe. Wata yarinya da mahaifinta ke da rumfa a Kantin Kwari ta lissafo abin da ya ƙare a kicin ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro mai kaka tsohuwa ya ce shi dai tsoron cunkoson kasuwa yake.

Daga muryoyin nan na ciro musu ƙashin bayan rubutun: matsayarka, hujjarka, misalin da ka gani da idonka. Abin da ya fi ba su wuya shi ne sakin layi na huɗu, inda za ka kawo maganar abokin hamayya da adalci kafin ka rushe ta. A ganinsu wannan miƙa wuya ne. Sai na sa kowa ya saurari muryar wanda suka saɓa, ya rubuta hujjarsa yadda shi mai ita zai amince.

Yarinyar nan ta turo da dare: "Malam, in na rubuta tasa da kyau ai ya ci ni." Na ce ta rubuta dai, sannan ta amsa masa. Amsarta ta zo bayan sahur, hoto dishi-dishi a hasken tocila: a buɗe kasuwa layi-layi, kowane layi da ranarsa. Ban koya mata wannan ba.

Da muka koma aji a watan Oktoba, na iske waɗanda ba su da waya ba su ma san an yi ba. Da su na sake farawa, da baki kafin biro.